Darasin da Yayana Ya Zaɓa

Har yau ba na son warin man shanu idan ya ji ɗumi. A tuwo ba ya damuna, a miya ma haka. Amma da zarar wata ta lakato shi ta murza a tafin hannu za ta shafa wa yaro, sai in nemi dalilin fita waje. Surukata ta ɗauka tsufa ne ya sa mini ƙyanƙyami. Ba shi ba ne. Warin nan yana mayar da ni bayan ɗakin Inna, mahaifiyarmu, a ƙauyenmu da ke gindin duwatsu tsakanin Buza da Keita, ranar da na iske yayana a tsugune yana goge tafin hannunsa da dutsen kaushi kamar mai neman fitar da jini. Washegarin wannan rana aka raba ni da lakwal, wato makarantar boko. Bari in ɗauko maka labarin daga farko, don idan na fara daga tsakiya za ka zagi kakana, ni kuwa ba na yarda wani ya zage shi.

Baba Tsoho muke ce masa, mahaifin babanmu ne. Babanmu yana can Kurmi wajen ci-rani, sai ya shekara bai leƙo ba, saboda haka gidan na Tsoho ne, magana tasa ce. Tun ina goye idonsa ya fara hazo. Kafin in yi wayo ba ya bambanta mutum da turmi sai an yi magana. Shi ya sa ya koma gane mutane da hannu. Idan ka gaishe shi ba ya sakinka, sai ya riƙe hannunka ya bi tafin da babban yatsansa a hankali, daga gindin yatsu har wuyan hannu. Daga nan zai faɗa maka ko maƙeri ne kai, ko mai jan guga, ko malalaci. Ni yana ce mini matarsa, irin wasan kaka da jika. Idan ya taɓa hannuna ya ji danƙon tsamiya, sai ya ce zai sake ni ya auro mai tsabta.

Akwai abin da ba a yawan faɗa a gidanmu, amma kowa ya san shi. Kakanninmu ba su mallaki abin da suka noma ba. A zamanin da, idan aka gama girbi, masu raƙuma daga arewa suke saukowa su ɗaure dammunan da suke so, su bar abin da suka ga dama. Tsoho ya ga wannan da idonsa yana yaro, ya ga mahaifinsa yana ɗora wa raƙumin wani gero da hannunsa, yana kuma yi wa mai raƙumin fatan sauka lafiya. Da ya zama saurayi sai Nasara suka kwashe su aikin dole, ya yi watanni yana fasa dutse a hanyar mota. Noma a gonarsa bai taɓa raina shi ba, har ya makance yana bin kunya da lalube. Abin da ba ya iya jurewa shi ne mutum ya sunkuya a ƙasar da ba tasa ba, wani yana tsaye a kansa.

Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakwal, mutanen ƙauyenmu a rumbu suke ɓoye 'ya'yansu. Yaya bai samu shiga rumbu ba, yana bakin rijiya ɗan aiken maigari ya kama shi. Inna ta ce Tsoho ya kwana biyu bai ci abinci ba. Amma shekaru suka tafi, Yaya ya gama lakwal ta ƙauye, ya wuce ta Buza, daga can aka ɗauke shi makarantar horon malamai a birni. Duk hutun da ya dawo, Tsoho zai kama hannunsa ya bi shi da yatsa, kuma kowace shekara hannun yana ƙara laushi. Sai tsohon ya canza ra'ayi gaba ɗaya. Ya hana Yaya taɓa hauya ko da damina ce, ko da ciyawa ta ci gona. Maƙwabta suna tsokanarsa, suna cewa ya ajiye ango a gida. Shi ko a jikinsa. Idan baƙo ya zo, sai ya kira Yaya ya ce a taɓa hannun a ji.

Saboda wannan hannu ne na shiga lakwal. Shekarar da aka sake zuwa ɗaukar yara, uwaye mata suna ta tura 'ya'ya cikin rumbu, Tsoho ya ce in kama sandarsa in ja shi. Muka ratsa ƙauye ana kallonmu har bakin ajin zana, ya miƙa ni da kansa ga malamin, wanda muke ce wa mushe. Ba a taɓa ganin haka ba, balle a kan ɗiya mace.

Ina son lakwal, kuma ba zan rage wannan magana ba. Ina son warin alli da sanyin allo idan an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ina son yadda baƙi suke haɗuwa su zama kalma a bakina tun kafin sauran yara su gama kallonsu. Da ɗari muna karkarwa a kan tabarma, da bazara zana ba ta tare zafi, yunwa kuma ba ta barin wasu su kai azahar ba su yi gyangyaɗi ba, don ba mu daɗe da fita daga shekarun fari ba. Duk da haka ban taɓa yin fashi ba. Mushe ya ce wa Inna idan na ci gaba haka, zan bi sawun yayana. Na riƙe wannan magana a raina, ina kwana da ita ina tashi da ita.

Ina aji uku Yaya ya dawo hutun damina da zance. Bayan la'asar ne, muna ƙarƙashin itacen bedi a ƙofar gida, Inna tana tsince wake. Ya ce a shekarar ƙarshe, ban da darussan da kowa yake yi, an ce kowane ɗalibi ya zaɓi darasi ɗaya na ƙari wanda zai ƙware a kai. Akwai na wasanni da motsa jiki. Akwai na waƙa da zane. Akwai na koya wa manya karatu da Hausa. Akwai kuma na noma da lambu, inda ake koyon raya iri da haɗa taki da dashen itatuwa, don malami ya buɗe lambu a duk lakwal da aka tura shi. Da ya zo kan na ƙarshen nan muryarsa ta canza. Ni yarinya ce amma na ji, balle makaho.

Tsoho ya ce, "Wanne aka yi zaune cikin inuwa?"

Yaya ya yi dariya ya ce na zane da na karatun manya.

"To ɗauki wanda kaka so cikinsu. Ko tsalle-tsallen ma ɗauka, in shi kaka so. Amma ban da na hauya. Ka jiya?"

Yaya ya ce, "Na jiya, Baba."

Ya ji, amma bai bi ba. Daga baya na fahimci dalilinsa. Tun yana ƙarami, kafin a hana shi, idan aka neme shi aka rasa to yana fadama wajen masu albasa yana buɗe musu ruwa a fangali. Hannunsa yana da albarkar shuka, kowa ya sani. Kuma ya zauna a aji da yaran da suka faɗi don yunwa a shekarun fari. A ganinsa malamin da zai iya sa wa ɗalibai ganye da tumatir a tukunya ya fi wanda zai koya musu zana doki. Ban ce bai yi gaskiya ba. Abin da na ce shi ne, da ya zo yin zaɓin bai tuna da ni ba.

Da ya gama makaranta ya dawo, bazara ta yi nisa, ana jiran ruwan shuka. Motar kasuwa ta sauke shi da hantsi, Tsoho yana wajen zaman makoki a ƙauyen gaba. Inna ce ta fara gani, lokacin da ta miƙa masa ƙwaryar ruwa. Ta kalli hannun, ta kalli fuskarsa, ta ce innalillahi a hankali. Kanta ce jere a gindin kowane yatsa, ga tsaga a gefen babban yatsa, ƙasa ta shiga ta zauna. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗora ruwa a wuta, ta ɗauko dutsen kaushinta da ɗan man shanun da take ɓoyo don baƙi. Ya jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ya goge, ya shafa mai, ya sake jiƙawa. A haka na same su da na dawo daga lakwal, allona a hammata. Inna ta ce idan na buɗe baki za ta yanke mini harshe.

Da yamma aka jawo Tsoho gida. Ya zauna a buzunsa, Yaya ya tsuguna ya gaishe shi, ya miƙa hannu biyu. Ina tsaye a bakin zaure ina kallon babban yatsan nan yana tafiya. Ya bi tafin sau ɗaya, ya dawo ya sake bi. Sannan ya ɗaga hannun zuwa hancinsa ya shinshina.

"Wa yab ba ka man shanu?"

Ya danna gindin yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Wagga kanta ba ta biro ba ta. Hauya ka riƙa."

Da Yaya ya yi shiru ya ba da haƙuri, wataƙila da abin ya tsaya a kansa shi kaɗai. Amma saurayi ne mai sabuwar takarda, yana ganin idan ya yi bayani da kyau kowa zai gane. Ya shiga faɗin amfanin lambu. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, yanzu so ake kowace lakwal ta samu gonarta, yara su yi karatu da safe, da yamma su yi ban ruwa da cire ciyawa. Ya ce har lakwal ɗinmu za a yi, an riga an yi wa mushe magana. Yana faɗa yana murna.

Tsoho ya ce, "Gonar, ta wa ta?"

"Ta lakwal ta, Baba."

"Wa ad da lakwal?"

"Gwamnati."

"Ɗiyan mutane su sunkuya, kai kana tsaye bisa kansu."

Yaya ya fara cewa ba haka ba ne, abin da aka noma yaran ne za su ci. Tsoho ya saki hannunsa. Ya ce, "Haka masu raƙuma ka cewa, ai muna bar muku na ci. Ubana ya yi musu noma, ni na hwasa ma Annasara dutse. Na zaci ga kai abin zai tsaya. Ashe kai za su ba bulalar."

Bai ɗaga murya ba. Ya nemi butarsa ya yi alwala, aka yi magariba.

Da safe na wanke fuska na ɗauki allona, sai ya kira ni. Ya ce in ba shi. Na ba shi, ina tsammanin wasa ne, ina jira ya ce matarsa ta fi ƙarfin karatu. Ya tura allon ƙarƙashin buzunsa ya zauna a kai. Ya ce daga yau na gama, ba zai ba da jika biyu a yi gandu da su ba. Na yi kuka har muryata ta dushe. Inna ta tsuguna ta roƙe shi, Yaya ya roƙe shi, ya ce zai koma ya nemi a canza masa. Mushe ya zo da kansa har sau biyu. Ɗan aiken maigari ya zo da barazanar za a kai magana Buza wurin kumandan. Tsoho ya miƙa masa hannuwansa biyu ya ce a ɗaure shi a tafi da shi, ya san hanyar, shi ya fasa dutsenta. Ba wanda ya iya ɗaure makaho mai furfura a kan yarinya ɗaya. Aka bar maganar, ruwa ya sauka, aka shiga shuka.

Lambun lakwal ɗin kuwa an yi shi, a bayan aji, an kewaye shi da ƙaya. Ina wucewa ta gefensa da tulu a kai, ina ganin 'yan ajinmu suna ban ruwa suna waƙa da Faransanci. Tun ina gane waƙar har na daina ganewa. Baƙin da na sani suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, don babu takarda ko guda a gidanmu da zan duba. Yaya aka tura shi wata lakwal arewa da Keita. Yana zuwa hutu, yana tsugunawa ya yi gaisuwa, Tsoho yana amsawa da baki, amma bai sake karɓar hannunsa ba. Ni ma na daina yi masa magana sai ta zama dole. Na ji haushinsa fiye da yadda na ji na Tsoho, don Tsoho tsoro ne ya sa shi, shi kuwa Yaya sha'awa ce.

Shekaru suka wuce, na yi aure a cikin ƙauye, na haihu. Sai babban fari ya zo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Rijiyoyi suka ja baya, har ta lakwal ɗin Yaya, lambun da ya sha wahala a kansa ya ƙone ƙurmus, itatuwan da ya dasa awaki suka cinye ɓawonsu. Albashinsa bakuna da yawa suke jira. Maza suka watse neman abinci, mijina yana cikinsu, babanmu kuma shiru. Ƙauye ya rage mata da tsofaffi da yara. A lokacin ne aka buɗe aikin jera duwatsu a kan tuddai don su tare ruwa, ana biya da abinci, jar dawa da man gwangwani. Na ɗaure ɗana a baya, na naɗa gammo, na bi mata. Muna haƙo dutse da hannu, mu ɗora a kai, mu kai inda mai kula da aiki ya nuna. Yana tsaye da hula da takarda, wani lokaci da Nasara a gefensa.

Dawar nan ita ta riƙe gidanmu, ita Tsoho yake sha a kunu. Inna ta ce masa Yaya ne yake aikowa. Ya tsufa ƙwarai a lokacin, ba ya fita, ƙafafunsa sun kumbura. Ina kai masa kunu in ajiye a gabansa in ja da baya, ban yarda hannuna ya kusance shi ba. Wata rana da la'asar na dawo daga tudu a gajiye, na miƙa masa ƙwarya, ta karkace a hannunsa, na tallafa masa don kada kunun ya zube. Sai ya bar ƙwaryar ya kama ni.

Yatsan ya bi tafina kamar yadda ya saba. Babu inda bai tsage ba, farcena biyu sun fita. Ya daɗe yana bi. Ya san wannan kanta, ba ta hauya ba ce, ba ta taɓarya ba ce, irinta ce a nasa hannun tun yana saurayi.

Ya ce, "Dutse."

Na ce, "I, Baba."

"Na wa?"

Na gaya masa gaskiya, na gaji da ɓoyo. Na ce akwai mai tsayawa a kanmu, kuma kunun da yake sha daga can yake fitowa. Na zaci zai ture ƙwaryar. Bai ture ba, bai kuma saki hannuna ba. Hawaye suka fito daga idanun nan da suka daɗe da mutuwa, suka bi gemunsa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ranar. Can ya lalubi ƙarƙashin buzunsa da ɗaya hannun, yana neman abin da ya fashe tun shekaru aka zubar.

Ya ce, "Matata, gobe ki koma lakwal. Na yarda."

Ɗana yana bayana yana tsotsar yatsa. Na ce, "To, Baba." Da gari ya waye na naɗa gammona na hau tudu.

Bai kai damina ba. An aika wa Yaya da direban motar kasuwa, amma kafin ya iso an rufe shi. Ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, kowa ya shigo sai ya miƙa masa hannu, ni kuwa ina leƙensa ta jikin zana ina tunanin hannu ɗaya da yake so a karɓa ba za a karɓa ba. A ranar na rage jin haushinsa, ban ce na daina ba. Yanzu ya yi ritaya, yana Madawa yana sayar da irin albasa. Muna zumunci, muna dariya, amma ba mu taɓa tayar da wannan magana ba.

Karatun da kake gani ina rubutawa da shi, sai da na haifi 'ya'yana duka na same shi, a ajin yaƙi da jahilci, a ƙarƙashin rumfa da rani. Malamin namu ya taɓa faɗa mana cewa shi a makarantar horon malamai darasin koya wa manya ya zaɓa. Matan suka ce madalla. Ni na sunkuyar da kai ina kallon allona. Hausa kawai na iya, Faransancin ya tafi bai dawo ba.

Tuddan da muka jera wa dutse yau sun yi itatuwa, ana noma a inda da ko akuya ba ta tsayawa. Yara ba a ɓoye su a rumbu, uwaye ne ke bin mushe suna roƙon a ɗauka. Jikata ta fari tana makarantar horon malamai yanzu. Da hutun da ya wuce ta zauna kusa da ni da wayarta, tana karanto mini darussan da aka ce su zaɓa, wasu ko sunansu ban gane ba, amma na ji lambu a ciki. Ta ce, "Kaka, wanne kika ga ya dace da ni?"

Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Sai ganin babban yatsana na yi yana bin tafinta, daga gindin yatsu zuwa wuyan hannu, laushi kamar na jariri. Na ji maganar tana tasowa a maƙogwarona, irin tasa sak, har da muryar. Na haɗiye ta, na saki hannun. Na ce ta zaɓi wanda ranta yake so, ta tashi ta duba mini tukunya. Ta koma makaranta tun watan jiya, kuma har yau ban tambaye ta wanda ta ɗauka ba.